Muryar Kaka a Aljihun Masunci

Ba a Tiga aka haifi kakata ba. Garinsu yana ƙarƙashin ruwan dam. Duk lokacin da muka bi ta gaɓa takan nuna wani wuri da haɓa, inda ni ba na ganin komai sai ruwa da kwalekwale, ta ce, "Ga tsamiyar ƙofar gidanmu can."

Ina ajin ƙarshe na sakandare na fara ɗaukar muryarta da waya. Ni mutum ne marar yawan magana, ko a aji sai an kira ni nake buɗe baki, amma wurin Kaka ba a bukatar magana, kunne kawai take so. Da hantsi nakan same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, in ajiye wayar a kan tabarma.

"Ga angona ya iso," in ji ta. "Mijin da ba cefane sai tambaya. Yau kuma me za a zuba a akwatin?"

Sai ta bi tsohon garin gida-gida. Gidan wa ke bin na wa, inda maƙera suke, rijiyar da ruwanta ke da gartsi, har ranar tashi da akuyarta ta ƙi shiga mota. Wani lokaci ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, wani lokaci ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon gyaɗa.

Yayana yana da ɗan shago a bakin tasha. Yana cajin waya, yana kuma yin turi, wato ya zuba wa mutane karatu da wa'azi da fina-finai a memorinsu. Shi ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Duk abin da na ɗauka nakan kwashe shi zuwa cikinta, in raɗa masa suna, in jera shi a inda ya dace, sannan in goge na wayar don ba ta da fili. A ganina abin da ya shiga kwamfuta ya shiga rumbu. Goggona da ke aure a garin Ƙofa ta roƙe ni in tura mata, na ce ta dakata sai na gama tsarawa. Wutar gidanmu ba ta da tabbas, don haka nakan kai kwamfutar shagon Yaya da safe ta sha caji, in ɗauko da la'asar, tare da gargaɗin kada ya taɓa mini komai.

Da damina Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Sai da aka share makoki, baƙi suka watse, na sami ƙarfin halin kunna kwamfutar. Ta yi wata ƙara ƙas-ƙas kamar ƙwaro a buhun wake, fuskarta ta tsaya baƙa. Yaya ya gwada abin da ya sani, ya ce in kai wa wani mai gyara a Tudun Wada. Mutumin ya kwance ta, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya kara a kunne.

"Ma'ajiyar ce ta mutu, ɗalibi. Ina sauran kwafin?"

Na ce babu.

Bai yi mini faɗa ba. Ya naɗe ƙarfen a takarda ya miƙo mini, ya ce, "Sai haƙuri." Na sa a aljihu. A mota har gida hannuna yana kansa. Ban gaya wa kowa ba sai Yaya, wanda ya ce "Innalillahi," ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jona wayoyi.

Bayan kaka, da aka fara noman rani, Baba ya aike ni gaɓa in sayo kifi. Na tarar da wani dattijon masunci zaune a kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin koma, wata 'yar ƙaramar waya tana magana a aljihun gaban rigarsa. Na durƙusa zan gaishe shi, sai na ji tarin. Tarin nan da ke biyo bayan dariyarta. Sannan muryar ta ce, "To ita dai akuyar nan cewa ta yi sai dai ruwan ya ci ta."

Na bar gaisuwar. Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?"

"Wurin mai turin bakin tasha. Wata tsohuwa ce 'yar garinmu, Allah ya jiƙanta. Har gidan mahaifina ta faɗa. Ka san ta ne?"

"Jikanta ne ni."

Ya ajiye allurar ya dube ni da kyau. "Kai ne angon? Ai muryarka ba ta fita, sai 'to, to' kamar kurciya."

Ban sayi kifin ba, shago na nufa. Da na tambayi Yaya, ya sosa ƙeya. Ashe wata rana kwamfutar tana caji ya buɗe ya saurara, wani tsoho da ya kawo caji ya ji an ambaci unguwarsu, ya rantse ba zai tafi ba sai an zuba masa. Daga nan labari ya bazu tsakanin waɗanda ruwa ya tasa. Yaya ya kwafe duka a kwamfutar shago yana tura wa duk mai so.

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ta shagon ma cutar kwamfuta ta shige ta, aka wanke ta tas tun kafin taka ta mutu. Na tambayi wasu a ɓoye, sun goge sun zuba fim. Ban so in sa maka rai a banza ba. Kuma kai, Malam Kada-a-taɓa, wa zai tunkare ka?"

Ranakun hutuna duka a yawo na yi su. Ni da ba na iya haɗa ido da baƙo, sai ga ni ina sallama a zaurukan mutane ina roƙon a ara mini waya. Na samu a wurin masuncin, na samu a wurin wata mai sayar da daddawa, har garin Ba'awa sai da na je. Sunayen da na raɗa duk sun ɓace, wani an rubuta masa "Tsohuwa", wani ba suna sam. Na haɗa mafi yawa. Wanda ta yi bayanin gonakin bakin rafi har yau ban same shi ba.

Yanzu suna cikin sabuwar ma'ajiya a ɗakina, akwai filashi a adakar Goggo a Ƙofa, akwai kuma wanda na ɗora a intanet. Wanda ya tambaya kuwa, a take nake tura masa, ko an tsara ko ba a tsara ba.

Da na koma yi wa masuncin godiya, ya ce, "Amma fa kakarka ta yi kuskure ɗaya. Rijiyar nan ba gabas da masallaci take ba."

Na zauna a gefen kwalekwalen, na ciro waya na ajiye tsakaninmu. Da ya gama bayani, kafin in tashi, na ce ya miƙo tasa in tura masa.