Ranar da Ragon Suna Ya Jira Samanja Halliru

Wanda duk ya bi ta ƙofar gidan Samanja Halliru a Maikujera da hantsi, zai same shi gindin darbejiya, ya tafasa almakashinsa, ya jera auduga da bandeji a faranti. Masu miki da masu ƙuna na zaune a layi, kuma layi sosai, don Samanja bai yarda da cincirindo ba. Yana wanke ciwo yana faɗa. Mai zuba baƙin mai ko toka a rauni ya san sauran. Abin da ya fi ƙarfinsa kuwa ba ya jayayya da shi, asibiti zai tura ka. In ya sallami kowa, sai ka gan shi ya saɓa jarka zuwa rijiya don matarsa Kaltume, maƙwabta na zolaya yana dariya.

Bara ya ajiye kakin soja, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jinyar sojoji a bariki da fagen daga. Kai ne mai shiga inda ake gudu, Samanja, da jakar magani a kafaɗa! Sai dai aikin ya ci masa wani abu mai ciwo: duk 'ya'yan da Kaltume ta haifa, babu sunan da ya halarta. Kullum labari ake aika masa. Shi ya sa da matar ɗansa Khalid ta haifi jikarsu ta fari, ya yi wa Kaltume alkawari a gaban kowa cewa wannan karon da shi za a yi.

Ranar suna ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sha babbar riga, an shimfiɗa tabarmi, rago na ɗaure, ana jiran liman. Sai ga mutum a guje da mummunan labari. Faruk, manomin shinkafa, ya faɗi da babur a hanyar fadama, laujen da ya soke a ƙugu ya nutse masa a cinya.

Samanja ya waiga. Kaltume na tsaye a bakin zaure, tuni jakar maganinsa tana hannunta.

Da ya isa wurin, ya tarar da yayan Faruk ya kama ƙotar laujen, jama'a na cewa a yi bisimilla a zare, kamar yadda aka saba da ƙaya.

"Kak kowa shi taɓa shi!" Tsawar Samanja ta sa har masu kallo daga nesa suka ja baya.

"Baba, mu bar mai ƙarhe cikin jiki?" in ji yayan. "Mi za mu ce ma tsohuwarmu?"

"Ƙarhen ga shi at toshe jinin. In kunka zare shi nan, ba ya kai asibitin Rabah da rai."

Ya tuɓe babbar rigar, ya naɗe ta kewaye da laujen don kada ya motsa, ya ɗaure. Aka samo mota. Tun daga nan har asibiti hannunsa na kan cinyar, yana jan Faruk da hirar farashin shinkafa don kada ya suma. Bai bar wurin ba sai da likita ya fito ya ce an cire, rai da ƙafa duk sun tsira.

Suka kamo hanyar dawowa. Rana ta take, suna kuwa da safe ake yi. Ya san an raɗa, an yanka, an watse. Ya sake yi wa Kaltume abin da ya saba yi mata.

Yana shan kwanar gida sai ya ga tabarmi cike da mutane. Liman na zaune yana fifita. Rago na nan da ransa, yana cin harawa hankali kwance! Ashe Kaltume ce ta aika wa maza cewa ba a raɗa sunan nan sai maigida ya dawo, liman kuma ya ce ya yarda.

Ya leƙa zaure da singileti duk jini.

"Malam, tun ina amarya nike jiranka," in ji Kaltume. "Rabin yini mi a a ciki? Tai ka canza riga."

Aka raɗa wa jaririya Bara'atu. Da aka miƙa masa ita, mutumin da ya ɗinke sojoji ana ruwan harsashi bai yi ko gezau ba, sai ga shi hawaye na bin gemu. Wallahi ba shi kaɗai ya yi kuka ba.

Mun gode, Samanja. Mun gode, Inna Kaltume. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matasanmu, ku je gindin darbejiyar nan ku koyi ɗaurin rauni tun mai shi na da ƙarfin yi muku faɗa, ku kuma duba yadda yake riƙe da gidansa. Faruk dai ya koma fadama, da ƙafafunsa biyu.