Jiƙaƙƙen hijabin Yaya a kan teku

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranar da sanyi ya kusa kashe mini yaya a tsakiyar rana ba za ta fita daga raina ba.

Yayata tana da sikila, kuma kowa a gidanmu ya san sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Shi ya sa da ƙanƙara ta rufe Gaithersburg, garin da muke zaune a ƙasar waje, a shekarar nan, muka gudu hutu wani tsibiri a Karebiyan. Mu da muka taso a Sakkwato, in rana ta buɗe, to zancen sanyi ya ƙare. Abin da muka sani ke nan.

Muka shiga kwalekwale mai inji zuwa inda ake sa tabarau da bututun numfashi a leƙa kifaye. Matuƙin ya miƙo mana rigunan roba masu kama jiki. Yaya ta ɗaga tata da yatsu biyu.

"Ni in sa wannan a gaban maza? Auta, kin haukace?"

Da doguwar rigar auduga da hijabi ta shiga. Ruwan kamar na wanka, kifaye shuɗi da rawaya suna gilmawa, ta ƙi fitowa. Ashe ruwa, ko mai ɗumi ne, a hankali yake zuƙe zafin jikin mutum.

Da muka koma cikin kwalekwalen, matuƙin ya saki gudu, iska ta bugi jiƙaƙƙun kayanta. Na ga leɓɓanta sun yi fari, haƙoranta suna haɗuwa. Ta riƙe ƙwaurinta. Na san riƙon nan, ciwon ne ya taso.

"Yaya, cire kayan nan."

"Akwai maza."

"Wallahi ko ki cire ko in yaga!"

Na miƙe na daka wa mazan tsawa da Turanci, duk suka juya baya. Wata tsohuwar Baturiya ta ja 'ya'yanta mata suka kare mu da tawul. Na tuɓe ta, na naɗe ta da busasshen zanena, na rungume ta tana kuka, tana kiran sunan Allah.

Sauran hutun a gadon asibiti ta yi shi, da ƙarin ruwa a hannu. Likita ya ce da mun kai gaɓa da kayan nan a jikinta, da abin ya kai ƙirji.

Tun ina ƙarama ake ce mini ba ni da kunya, bakina ya yi yawa. A ranar na koyi cewa zafin rana daban, ɗumin jiki daban, kuma in rai na cikin haɗari, dole a samu wanda zai ɗaga murya.