Tsinken da na fiƙe wa Ladi

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar ƙanwata Ladi a Nahuce, ko hamsin da ɗaya. Na ƙirga sau da yawa, don ba na son in rubuta abin da ba daidai ba. Shekarunta goma sha ɗaya. Lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna.

Gwaggo Tumba, yayar babanmu, ita ke riƙonmu. Ita ta ce haƙoran Ladi sun cika matsewa, sai an buɗa mata wushirya. Busasshen tsinke ake cusawa tsakanin haƙoran gaba, in ya sha yawu ya kumbura ya tura su gefe. Ni nake fiƙe tsinken, don na zo hutu daga elamantare da 'yar wuƙata ta gyaran fensir. Hutun wata ɗaya ne, Gwaggo kuwa ta rantse sai an gama kafin in koma.

"Wanga ai na sakace ne," in ji ta. "Ƙaro mashi kauri."

Dasashin Ladi ya yi jajir. Ko tuwo ba ta iya gatsa. Ran nan ta ce mini a hankali, "Yaya, rage mashi kaɗan, ba ta ganewa." Ban rage ba. Tsoro nake a ce an ba ni aiki na yi ha'inci. Haƙori ɗaya ya yi baƙi, kunci ya kumbura har wuya, zazzaɓi ya biyo baya.

Bara na je cire haƙori a Gusau, na ba likitan labarin kamar na wasu. Ya ce haƙori ba kafe yake kamar turke ba, wasu siraran jijiyoyi ke riƙe da shi cikin ƙashi. In an tura shi a hankali, ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, na baya yana cikowa, wata da watanni. Ya ce a wasu ƙasashe da siririyar waya ake yi wa yara. In kuwa aka matsa da ƙarfi, jini ya yanke, saiwa ta mutu, ruɓa ta shiga.

"Wane azzalumi ne ya yi wannan?"

Na ce wani ne, ya daɗe da mutuwa. Wannan ƙaryar ma tana hana ni sukuni.

Nakan tambayi kaina me Ladi za ta ce da ta ji likitan. Abin da ya faɗa ai shi ta roƙe ni, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Gwaggo ce ta yi wa gawar Ladi wanka. Da ta fito, abin da ta ce wa matan da ke zaune shi ne, "Kai, asara! Ga wushiryar ta fito tas." Har yau tsofaffin Nahuce in sun tuna da ita, Ladi mai wushirya suke cewa, suna yabon kyanta. Ban taɓa gyara musu ba. Kwana huɗu ta yi da wushiryar.