Famfon da Ke Ƙarƙashin Kujerar Ashiru

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Ashiru Abdulmuhaimin na Fadaman Mada, a kan hanyar Tirwun, cikin jar motar nan da matasan Bauchi suka san shi da ita. An yi ruwa da safe, kwalta a jiƙe. Shanu suka hau titi, ya taka birki, motar ta zame ta daki kwalbati. Maganin hawan jini zai kai wa kakarsa. Shi kaɗai ne a ciki. Kafin la'asar mun yi masa sallah mun kai shi makwancinsa.

Ashiru, ba baƙin ciki kaɗai ya sa nake rubuta wannan ba. Tsoro nake ji. Zan faɗi dalili, amma bari in fara da alherinka, don kada masu bakin unguwa su riga ni. Tun kafin a ciro ka wasu suka tsaya suna ɗaukar motar da waya, yanzu kuma su ne malaman da ke cewa ɗan wasan mota ne, dama haka suke ƙarewa. Ku ji tsoron Allah. Wanne a cikinku ya taɓa kwanciya a taɓo ƙarƙashin motar wani saboda Allah?

Ba a gareji ka koyi aiki ba. Da waya ka koya, da tambaya, da ɓata kayanka har ka gane. Kunnenka kuwa abin mamaki ne. Muna shan shayi a Ƙofar Dumi wata rana, mai keke Napep ya wuce cike da mata, birkinsa ya yi wani ƙiii da ni ban ma kula ba. Ka ajiye kofi ka bi shi da gudu, kana ihu, "Malam, tsaya! Ƙarfe ne ke cin ƙarfe!" Mutumin ya zaci faɗa ne. A bakin titi ka gyara masa, matan na zaune a gindin bishiya suna sa maka albarka.

Ni kuma ranar da man birkina ya ƙare na zuba ruwan omo, kamar yadda na ga direbobin tasha na yi, kwana biyu ba ka amsa sallamata da fara'a ba. Daga baya ka zo da sifana da jak, ka ce, "Ɗanlarai, in kashe kanka kake so, ka tafi daji, ka bar wa mutane titinsu." Ka wanke bututun tas. Tun daga ranar na zama ƙafarka. Kai kana ƙasa kana fitar da iska daga birki, ni ina kujera ina takawa. "Taka! Taka! Riƙe!" Sai in ji ƙafata ta nutse, ka ɗaure, ka ce, "Saki, malalaci." Har yanzu in na zauna a mota muryar nan nake ji.

To, mutumin da ke tsoron birki haka, shi ne kuma ya yi abin da zan faɗa.

Duk wanda ya je biki a garin nan ya san wasan mota. A tsayar da mota wuri guda, ƙafafun baya na juyawa, hayaƙi ya turnuƙe, abokan ango na tafi. Don hakan ya yi kyau, sai birkin gaba ya riƙe, na baya ya saki. Sai ka yanke bututun birkin baya, ka sa masa ɗan famfo mai hannu, irin na ruwa amma ƙarami, ka ɓoye shi ƙarƙashin kujerar direba. Lokacin wasa ka rufe, an gama ka buɗe. Na ce maka, "Ranar da ka manta fa?" Ka yi dariya ka ce, "Kai ka taɓa mantawa da wandonka?" Muka yi ta musu har na zage ka, ka rama. Mugun abin shi ne, in famfon na rufe, a cikin gari ba za ka gane ba. Birkin gaba zai tsayar da kai lafiya lau, ƙafarka ma ta ji shi da ƙarfi. Sai ranar gudu, ranar ruwa, sannan za ka san rabin birki gare ka.

Ranar Asabar an yi bikin abokinmu Muktar, ka yi wasa. Lahadi ka tafi.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, na je garejin Baba Irmiya inda aka ja motar. Bai so in duba ba. Ya ce, "Yaro, ka bar shi, Allah ya riga ya yi." Na ce na sani, Baba. Na zura hannu ƙarƙashin kujerar da ta lanƙwashe, na taɓa famfon. A rufe yake.

Ban ce shi ne ya kashe ka ba, kwananka ne ya ƙare. Amma ina durƙushe a wurin sai na tuna cewa motoci biyu ne suka yi wasa a bikin Muktar. Ta biyun ta abokinmu Yero ce, kuma kai ka sa mata irin famfon. Na kira shi. Na ce, "Yero, ka buɗe naka?" Ya ce, "Wane abu? Ai Ashiru ne ke taɓawa, ni ban ma san inda yake ba." Na ce ina motar? Ya ce ya bar wa gidanku saboda zirga-zirgar baƙi, kuma yanzun nan ƙanwarka Khairat ta ɗauki Umma da kakarku za ta mayar da kakar gidanta a Tirwun.

Hanya guda, Ashiru. Ga hadari ya haɗo ta gabas.

Na kira Khairat, tana tuƙi ba ta ɗauka ba. Na kira Umma, a kashe. Na tare ɗan acaɓa, ban san me na ce masa ba, na dai san ina dukan bayansa yana cewa, "Oga, kai ma so kake a yi zaman makokinka?" Muka wuce kwalbatin, gilashinka na nan warwatse a gefen titi. Duk motar da na hango tsaye sai in leƙa ko ita ce. Yayyafi ya fara.

A ƙofar gidan kakarku na same su, suna fitowa za su koma. Ban yi sallama ba, na buɗe ƙofar motar na zura hannu ƙarƙashin kujera. A rufe. Na zauna a ƙasa cikin ruwan. Khairat ta ce, "Yaya Ɗanlarai, lafiya? In birki kake dubawa kada ka damu, Yaya Ashiru ne ya gyara shi da hannunsa." Umma ta tsaya tana kallona. Na ce, "Umma, ku yi haƙuri, motar nan a nan za ta kwana." Ta gyara mayafinta ta ce, "Samo mana Napep, ɗana."

Washegari aka cire famfon Yero, Baba Irmiya ya sa sabon bututu. Amma akwai ta uku. Farar motar da ka sayar kafin babbar sallah, ita ka fara gwada abin a kanta. Wani John ne ya saya, an ce ya yi Gombe da ita, wasu sun ce Jos. Lambarsa na cikin wayarka, wayar kuma ta farfashe tare da kai. Ina kyautata zaton a buɗe ka ba shi. To amma hannun famfon nan, robar ruwa in ta gangara ƙarƙashin kujera za ta iya ture shi, mai wankin mota ma zai iya. Mutumin bai san da shi ba. Wataƙila yau 'ya'yansa ne a baya.

Don haka duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi, in ka san John, ko ka san wanda Ashiru ya taɓa yi wa wannan aiki, don girman Allah ka ce ya ajiye motar, ya duba ƙarƙashin kujera, ya kai a cire. Ba tona maka asiri nake ba, abokina. Na san da kai ne da rai, da tuni ka ajiye kofin shayi ka bi shi da gudu.

Ya Allah Ka jiƙan Ashiru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Duk rayukan da suka isa gida lafiya ta dalilin hannunsa, Ka sa su a mizaninsa. Ka ba Umma Hajiya Yelwa, da Khairat, da kakarsa, da dukan dangi haƙurin wannan rashi, mu ma Ka kyautata namu ƙarshen. Kuma ya Ubangiji, farar motar nan duk inda take, Ka riƙe ta har mu same ta, kada wani ran ya tafi ta hannun bawanKa Ashiru bayan ya kwanta. Amin.

Ɗanlarai Abba, Ƙofar Dumi, Bauchi.