Rabin Maganar Farfesa

Duk daɗewata a aikin rediyo, ban taɓa mantawa da wata Larabar damina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina furodusan wani shirin kai tsaye da muke yi da rana, inda muke gayyato masana su yi bayani, masu sauraro su bugo waya. Ga wanda bai sani ba, mai gabatarwa shi ake jin muryarsa, furodusa kuwa yana bayan gilashi, shi ke saka masu kira, shi ke yanke shiri. Tasharmu kuma tana da doka guda da ba a taɓa ta: da lokacin salla ya yi, a yanke ko wane ne ke magana, a saka kiran salla. Daga nan labarai, daga labarai sai shirin da wani kamfani ya saya.

Baƙonmu a ranar Farfesa Buba ne, tsohon malamin koyar da likitoci da ya yi ritaya yake zaune a Yelwa. Mutum ne mai son tayar da ƙura. Salonsa, kamar yadda ya saba a aji, sai ya rushe abin da ka yarda da shi tukuna, ya bar ka a tsaye cikin rana, sannan ya gina maka sabo. A aji yana da sa'o'i. Mu ba mu da su.

Ya gyara zama ya ce, "Jama'a na ɗauka kimiyya ta gama sanin komai. Ba haka ba ne. Muna ɗalibai an koya mana damuwa da yaji ke kawo gyambon ciki, muka rubuta a jarrabawa muka ci. Daga baya aka gano yawancinsa ƙwayar cuta ce. Wani abin da likita ke gaya maka yau, gobe za a ce kuskure ne. Masanin da bai taɓa canza magana ba, ku ji tsoronsa."

Wayoyi suka kama ruri. Ni kuwa har murna nake, shiri ya yi armashi. Na saka wata mata, ta ce ita ce Maman Saratu daga Miri.

"Farfesa, na gode da ka faɗi gaskiya," in ji ta. "Ashe ku ma lalube kuke yi. 'Yata na da farfaɗiya, shekara da shekaru tana haɗiyar ƙwaya, kullum kasala, kullum barci. Tunda ba ku da tabbas, daga yau ta daina sha. Ta huta haka nan."

Farfesa ya miƙe zumbur, ya ce, "A'a, Mama, tsaya ki ji..."

Lokacin La'asar ya cika. Na yanke, na saka kiran salla, kamar yadda doka ta ce. Ita kuma ta kashe waya.

Ya banko ƙofar ɗakina yana haki. "Malam Sale, mayar da ni! Maganin farfaɗiya ba a yanke shi farat ɗaya. In ta daina, faɗuwar da za ta biyo baya na iya fin ta da muni. Tana iya mutuwa."

Na kira lambar da matar ta bugo da ita, sai wani mai shagon cajin waya ya ɗauka, ya ce wata mata ce ta ari wayarsa, ta wuce, bai san gidanta ba. Na ruga ofishin shugaban sashen shirye-shirye.

"Yallaɓai, a ba mu ko minti biyu bayan labarai."

"Lokacin an sayar da shi, Sale. Ka bari sai Laraba mai zuwa."

"Yallaɓai, rai ne fa!"

Da ƙyar ya yarda aka karanta sanarwar cigiya bayan Magariba, tsakanin ta ɓatan akuya da ta ɗaurin aure. Babu wanda ya kira.

Washegari muka nufi Miri da Farfesa. Ruwa ya ɓata hanya, muka ajiye mota muka hau acaɓa. Kowa ya tafi gona, gidaje sai tsofaffi. Mai unguwa ya ce Saratu a garin nan sun fi a ƙirga, kuma ciwon farfaɗiya ba abin da ake tallansa ba ne, iyalai ɓoyewa suke yi. Haka muka yi ta sallama ƙofa ƙofa, ana yi mana kallon masu neman fitina. Sai da rana ta karkata wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, "Ku je bakin titi, wajen mai awara."

Tun daga nesa na hango ta. Budurwa ce zaune a kan 'yar kujera, ta sunkuya a kan kasko cike da mai yana tafasa, icce na ci bal-bal a ƙarƙashi. In Saratu ce, ba ta sha maganin daren jiya ba, ba ta sha na safe ba. Da ciwon zai tashi a lokacin, cikin man nan za ta kifa. Farfesa, da tsufansa, ya sheƙa da gudu ya ce, "'Yata, don Allah matso nan, bar wutar nan."

Uwar ta fito daga rumfa, ta gane muryarsa. Aka shimfiɗa tabarma. Nan ya ƙarasa mata abin da ya so faɗa: cewa masana na canza magana ne domin suna ta gwadawa, kuma wannan gwajin ne ya nuna maganin na hana faɗuwa. Kasalar ma, in ji shi, gaskiya ce, a koma asibiti likita ya duba ko zai sauya mata wani, amma kada a yanke a gida. Uwar ta shiga ɗakinsu da ke bayan rumfar ta ɗauko ƙwayoyin daga cikin tukunyar da ta ɓoye su. Saratu ta sha a gabanmu.

Na ɗauka an gama. Sai matar ta dube ni ta ce, "Kai ne mai rediyon? To ni da aka sa kiran salla tashi na yi, ban ƙara kunna rediyo ba. Ni dai na bugo, kun same ni. Waɗanda suka ji irin abin da na ji ba su bugo ba fa?"



Mun maimaita shirin a Larabar da ta biyo, Farfesa ya faɗi maganarsa cikakkiya. Tun daga ranar, duk masanin da ya zo, komai girman digirinsa, sai na tsare shi a bakin ƙofa na ce ya fara da ƙarshen maganarsa. Wasu su ji haushi, su ce ina ɓata musu salo. Su ji. Mai sauraro ba ɗalibi ba ne da zai dawo aji gobe. Yana ji ne yana tuƙi, ko yana girki, abin da ya kama kuma da shi zai yi aiki.

Saratu tana nan lafiya, na kan tsaya na sayi awararta. Sauran da suka kashe rediyo a wannan La'asar ɗin, har yau ban san ko su wane ne ba.