Safiyo a Gindin Ɗorawa

Malam Yahaya na 'Yandoto mutum ne da bai yarda da sana'ar da ba ta sa gumi ba. Gonaki biyu ya gada, babba a daji, ƙarama a bayan gari. Da 'yan bindiga suka hana shiga daji, babbar ta koma ta birai, ƙaramar ta zama ita ce tuwo ita ce miya. A gefenta akwai wata tsohuwar ɗorawa. Da kalwarta matarsa Suwaiba ke yin daddawa tana sayarwa, kuma a 'yan shekarun nan daddawar ce ke rufa wa gidan asiri in rumbu ya yi ƙasa.

Ana nan sai ga Faruk, mai gonar da ke maƙwabtaka. Ya daɗe a Bungudu yana sayar da takalma, kasuwa ta juya masa baya, ya dawo noman gonar mahaifiyarsa, marigayiya Inna Adama. Ko hutawa bai gama yi ba ya ce ɗorawar nan da kunyoyin gindinta na uwarsa ne. Malam Yahaya ya ce mahaifinsa ne ya shuka ta, kuma har cikin zuciyarsa haka ya sani. Magana ta je gaban mai unguwa, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Cikin wannan rigima ya kira babban ɗansa Mahadi, wanda ya gama difloma yake zaune a Damba cikin Gusau, aikin gwamnati ya ƙi samuwa.

"Wai kai mi kake yi a birni yanzu?"

"Baba, sabe nake yi a waya. Kamfanoni na ɗan biyana."

"Safiyo?"

Layin ya yi ƙara, ya yanke, ya dawo. Mahadi ya ce, "E to, kusan hakan, Baba."

Malam Yahaya ya san safiyo. Ya taɓa ganinsu a bakin titin Tsafe da malafunansu, suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, inda suka kafa dutse ko hakimi ba ya gusar da shi. Ashe ɗansa ne ya kai nan, shi yana zaune ana ja masa rai a kan itace! Kafin la'asar duk majalisa ta ji. Kashegari ya samu mai unguwa ya ce a sa rana, safiyo zai zo, abin da ya yanke shi ke nan. Faruk ya amince, amma da ganin fuskarsa ka san ba haka ya so ba.

Ranar da aka sa, Mahadi ya sauka daga mota, daga shi sai waya da cajarta a aljihu. Uban ya leƙa bayansa, ya leƙa cikin motar, ya jira ko kwandasta zai sauko da mai ƙafa uku. Mota ta yi gaba abinta.

A zaure ya titsiye shi. "Ina kayan aikin?"

Mahadi ya ɗaga waya. Ya yi bayani a hankali, cewa shi sabe ba safiyo ba ne, tambayoyi ake turo masa ya amsa: wane sabulu yake wanka da shi, wane shayi ya fi so, ko yana da kare, in yana da shi wane abinci yake saya masa.

"Abincin kare? Saye ake yi?"

"A can ƙasashensu, Baba."

"Su wa ke tambayar?"

"Ban san su ba."

"Ba ka san su ba, su ba su san ka ba, suna son su ji sabulunka. To kuɗin mi suke ba ka?"

"Kuɗin ra'ayina. Ba wani abin kirki ba ne, ya sayi kati, wani lokaci ya kai ga abinci. Sau da yawa ma in kai tsakiya su kore ni, su ce ba irina suke nema ba. Ko su yi tambaya guda ta fuska biyu, in amsa ta saɓa su hana ni."

Malam Yahaya ya cire hula ya sosa kai. Tun gashinsa na baƙi yake ba da ra'ayi a majalisa, ko ɓarin goro ba wanda ya taɓa ba shi. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai ga inda gona ta shigo ba.

"To awon fa?"

"Babu awo, Baba."

Malam Yahaya ya so a fasa. Amma magana zarar bunu ce, ga mutane can sun riga sun taru. Ya ce da ɗan, "Je ka yi abin da ka iya. Kar dai ka kunyata ni gaban wanga mutum."

A gindin ɗorawa mai unguwa ya ce, "Bisimilla, malam safiyo." Mahadi, gumi na keto masa, ya ce safiyon zamani da tambaya yake farawa. Dattawa suka gyaɗa kai, don ba mai son a ce shi ne bai waye ba. Ya tambayi Faruk ta wa ce ɗorawa, ya ce ta uwarsa, ita ta gaya masa. Ya tambayi ubansa, ya ce tasa ce, gadon mahaifinsa. Daga nan tambayoyin kirki suka ƙare wa Mahadi, ya shiga 'yan kame-kame irin na wayarsa don dai kar a yi shiru. Inuwar tana gamsar da su sosai, ko kaɗan, ko sam? Suna ba wani shawarar ya zauna a nan? Mai unguwa da kansa ya amsa cewa sosai.

Can ya juyo ga uban. "Baba, kana yaro ka taɓa shan garin wannan ɗorawa?"

Fuskar Malam Yahaya ta washe, abin da bai faru ba tun safe.

"Sha? Ai sata munka riƙa yi! Inna Adama na amarya lokacin, ta biyo mu da kara. Ranar da ta kama ni har gida ta kai ni, Baba ya zane ni, shina cewa wa ya aike ka ɗorawar muta..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi ɗorawar, ya dubi Faruk, ya dubi ɗansa da ya sunkuyar da kai kamar zai shige cikin wayar. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce ai safiyo ya gama aikinsa.

Malam Yahaya ba maƙaryaci ba ne, abin da ya fi yi masa zafi ke nan. Da safe ya rantse mahaifinsa ne ya shuka ta, da hantsi ya tuna bulalar, kuma duka biyun a kansa suke zaune. Ya tako gida yana jin kunya da baƙin ciki, yana ta neman ranar da ɗorawar ta zama tasa, ya rasa.

Ya tarar da Suwaiba tana shanya ragowar kalwa. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata an karɓe ɗorawa, baɗi ba daddawa. Hannunta ya tsaya cak a cikin kalwar.

"Ai dama aro ce, Malam. Da Faruk ya tafi Bungudu, Inna Adama ta ce in riƙa tsinta kar ta lalace."

"Kin sani? Duk wagga rigima kina kallona? Mi ya hana ki faɗa?"

"Ka tambayi majalisa, ka tambayi mai unguwa, ka kira safiyo daga Gusau," in ji ta, tana tattara kalwar gefe guda. "Ni ba ka tambaye ni ba."