Jiniyar Masaƙa

Surukina a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana aikin dare. Ɗakin injinansu ba taga ba agogo, sai fitilu da ƙurar auduga, don haka jiniya ce ke gaya musu lokaci. Busa biyu gare ta: gajera ta cin abinci, doguwa ta tashi daga aiki. Ya sha ba ni labari cewa duk ƙarshen busa sai ta yi wani kaki, kamar tsoho mai tari.

An rufe masaƙar tun ba a kawo ni gidan ba. An ma rushe ta, wurin ya zama filin ajiye motoci. Cikin Baba ne kawai labari bai kai masa ba.

Da safe in kai masa shayi da burodi, ya ce in ajiye. Da rana in kai abinci, in tarar da na safe ƙuda na bi.

"Baba, ka ci mana."

Sai ya karkata kunne wajen taga, ya yi kasaƙe, ya ce, "Ba a busa ba tukuna, 'yar nan."

Haka zai wuni ba ya sa komai a baki sai ruwa. Amma gari na wayewa zan tarar da tukunya tas, an wanke an kife. Cikin dare, in ya ji busarsa, na safe da na rana da na dare ya haɗa a zama ɗaya, ya koma ya kwanta a kai.

Jiki kuwa ya yi ta hawa. Kujera mai hannu ta daina ɗaukar sa, muka kawo benci. Takalmansa suka daina shiga. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya dafa bango yana haki. Maƙwabta na tsokanata wai na iya kiwon suruki, ni kuwa abin ba ƙaramin cin raina yake ba, don ina ƙaunar tsohon nan. Shi ne mai shigar mini duk lokacin da muka saɓa da ɗansa, ko da ni ce ba ni da gaskiya.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce zuciyar Baba ta gaji da dakon wannan jiki. A mayar da cinsa rana, ya riƙa karyawa da safe, a rage na dare, in ba haka ba wata rana za ta ajiye kayan.

Na gwada ɓoye tukunya. Da safe na same shi zaune da yunwarsa, ni ce ma na yi kuka. Maigidana ya samo ƙarar jiniya a waya, ya laɓe bayan taga da rana ya kunna. Baba ya yi dariya har tumbi na girgiza.

"Fito, ja'iri! Wannan ta motar asibiti ce. Tamu tana tari."

Ranar na daure na tambaye shi, "Baba, wai wa ke busa maka ita?"

"Mai busawa mana. Kuma ba ni kaɗai ba ne, duk muke fitowa mu ci tare."

Ya shiga lissafo mini abokan aikinsa da laƙabinsu. Babu ɗaya a cikinsu da ban san ya rasu ba. Na kwashe kwanuka na fita.

Wata rana da tsakar rana ina yanka albasa sai na ji ta. Daga can wajen filin motoci ta taso, tana ja, tana ja, har gilashin taga na kaɗawa, sannan ta yi kakin nan ta tsaya. Tsoro ya kama ni, amma murna ta fi shi: yau dai an busa da rana, Baba zai ci abinci a kan kari! Na zuba da sauri na nufi ɗakinsa.

Na same shi ya sa hula, yana lalubar takalman nan da suka daina shigar sa.

"Baba, an busa! Ga abinci."

"Ajiye, 'yar nan," in ji shi, yana murmushi. "Ba ki ji tsawonta ba? Wannan ta tashi ce."

Ya jingina da bango ya lumshe ido. Na yi ta kiran sa, kwano na tururi a hannuna, bai amsa ba.

Maigidana yana tsakar gida a lokacin, ya rantse bai ji komai ba. Ni dai na ji, har da tarin.